Ɗaki a kulle, ɗalibai a gindin darbejiya

Duk wanda ya yi karatu a wata babbar makaranta a Kano ya san irin ɗakin da nake nufi. Tsohon aji ne ko tsohon wurin cin abinci, an garƙame shi da ƙaton kwaɗo duk ya yi tsatsa, in ka leƙa ta taga sai ka ga karyayyun kujeru an jibge su har kusa da silin, ga tsofaffin fayiloli ga kashin jemage. A waje kuma an fito lakcar ƙarfe goma, ta gaba sai ƙarfe biyu, wanda gidansu ke Hotoro ko Rijiyar Lemo ai ba zai biya kuɗin Adaidaita sau huɗu a rana ba, sai kowa ya nemi gindin darbejiya ya raɓe, a watan Afrilu fa da zafi ke haura digiri 40. Laburare akwai, amma can ba a magana, shi kuwa asaimen ɗin da aka haɗa ku ku shida ba ya yiwuwa sai da musu da surutu.

Abun da ke ban mamaki, mayar da tsohon gini ya koma wani abu daban ba baƙon abu ba ne a garin nan. Gidan Makama da aka gina tun zamanin Muhammadu Rumfa yau gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa ma haka, bayan a nan Hanns Vischer ya zauna, shi da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Na kusa-kusa kuma, da aka kafa jami'ar Northwest a 2012 ba a jira an gama sabon gini ba, dogon benen nan na Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa aka shiga aka fara karatu. To in har za a iya zuba jami'a guda a benen da ba don ita aka gina shi ba, ɗaki ɗaya ne zai gagara?

Ni dai a ganina farko injiniya ya zo ya duba bango da rufi, don ginin da ya sha damina da yawa ba kowa ciki ba abun wasa ba ne. In ya ce lafiya, sauran aikin ba wani mai yawa ba ne wallahi. A toshe inda ke yoyo, a buɗe tagogi masu kallon juna iska ta dinga ratsawa, kujerun nan da aka jibge a kira kafinta ya fidda masu rai ya haɗa benci da tebur. Bango ɗaya a shafa mai baƙin fenti ya zama allo. A shimfiɗa tabarmi a gefe don ba kowa ke son kujera ba, a ware wa mata nasu ɓangaren inda za su sake su ɗan kishingiɗa ba tare da idon maza ba. Kuɗin kirki a sola da soket za a kashe shi, don yanzu ɗalibi inda zai yi cajin waya nan yake zama, ko da kuwa bakin bayi ne.

Inda ake samun matsala shi ne mukulli. In aka bar shi hannun wani ofis, ranar da mai shi bai zo ba ɗakin ya rufu kenan. Gara a ba ƙungiyar ɗaliban sashen, su tsara masu shara da lokacin buɗewa da rufewa, sannan a rubuta a takarda tun ranar farko cewa ba za a ba kowa haya ba. In ba haka ba kafin zangon karatu ya ƙare za ka tarar an yanka ɗakin biyu, mai fotokwafi a gefe, mai POS a ɗaya gefen.