Makullin kati a ƙofar makaranta: abin da na gani, da abin da nake faɗa wa masu saye

Makon jiya wata kwaleji mai zaman kanta ta kira ni in duba musu ƙofofi, suna so su sa makullin lantarki a laburare da ɗakin kwamfuta da sauran ɗakunan kwanan ɗalibai. Sana'ata kenan, kyamarori da makullai, tun zuwana Legas. Na baro Agege da sassafe saboda gosulo, ina isa ginin ɗalibai mata, wanda wani ya riga ya yi musu aikinsa bara, sai na tarar da ƙofa a wangale an tokare ta da rabin bulo, ga na'urar dangwala yatsa a bango tana ta ƙyafta jar wuta.

Maigadin dattijo ne, mutumin Sakkwato. Bayan mun gaisa na ce, Baba wa ya sa bulon nan? Ya ce ni na sa ɗana, in an yi ruwa abin nan ba ya gane yatsan kowa, yara su tsaya layi suna jiƙewa suna dangwalawa yana ƙi, ni kuma ba zan iya kallo ba.

Wallahi gaskiyarsa. Jiƙaƙƙen yatsa ko mai maiƙo yana ba irin na'urar nan wahala, ga damina a Legas ba ta wasa ba ce, ga ɗanshi da iskar gishiri in kana kusa da ruwa, wayarin ya yi ta tsatsa. Duk abin da za a kafa a waje ya zama mai jure ruwa da ƙura, a duba an rubuta IP65 ko sama da haka, a yi masa 'yar rumfa kuma. Yatsa ya fi dacewa da ofis mai mutum goma, ba ƙofar da ɗaruruwa ke tururuwa ƙarfe takwas saura ba. Kuma zanen yatsa amana ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, ba abin da za a tara a kwamfutar da kowa ke buɗewa ba ne.

Amma tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce, in Nepa ta ɗauke wuta me ƙofar za ta yi? Nan ne ran aikin yake, kuma nan ne masu saye ba sa tsayawa. Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, wanda aka fi sawa yana riƙe nauyin kilo 280, amma wuta na yankewa ya saki, ƙofa ta zama ta kowa. Akwai kuma sakatar lantarki wadda in babu wuta a kulle take zama. Ɗakin ajiye takardun jarrabawa ko kayan gwaje-gwaje, toh wannan ya zauna a kulle, da mabuɗin hannu a wajen mutum ɗaya. Amma inda yara ke kwana, Allah ya kiyaye gobara ta tashi ƙarfe biyun dare, hayaƙi ya cika ko'ina, ba mai neman kati a wannan lokacin, dole wanda ke ciki ya iya fita da tura hannu ɗaya ko da wuta ko babu, kuma a sa koren akwatin nan da ake fasawa ƙofa ta saki, a haɗa makullin da ƙararrawar gobara. A kan wannan ba na ragi, na sha barin kwangila saboda shi.

Na buɗe akwatin wutar ginin nan, batirin ciki mai volt 12 ya kumbura, tun ranar da aka sa shi ba wanda ya ƙara leƙawa. Zafi yana cin batir. Ga kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi ko lokacin juyawa zuwa janareto, ita ke ƙona allon na'urar in ba a sa abin kariya ba.

Sai maganar kati. Farin katin nan mai arha na 125 kHz lamba kawai yake faɗa, ba shi da wani sirri, da 'yar ƙaramar na'ura ana kwafe shi kafin ka ƙifta ido, kuma ɗalibai ba su da wasa wajen gano irin wannan. Wani nau'in katin da ake kira MIFARE Classic ma tun 2008 masu bincike suka fasa tsaronsa. Ni kati mai tsaro da ake kira DESFire nake ba da shawara, ya fi tsada kam, amma kati ɗaya zai iya zama katin shaidar ɗalibi ya buɗe laburare ya buɗe ɗakin kwana.

Na tambayi jami'in da ke zagayawa da ni, ranka ya daɗe, waɗanda suka gama bara wa ya goge su daga na'urar? Shiru. Lambar sirrin shiga manhajar ma tana wajen ɗan kwangilar da ya yi aikin, wayarsa kuma ba ta shiga. Don Allah duk wanda zai yi muku aiki, ko kayan kamfanin ZKTeco zai sa ko na Hikvision ko na wani, ya miƙa lambar sirri a rubuce, ya koya wa ma'aikatanku biyu yadda ake sa kati da soke shi, kuma ku tabbatar ana samun kayan gyaran na'urar a kasuwar Alaba ko Computer Village nan Legas, kar ƙofa ta lalace a yi wata biyu ana jiran kaya daga Chaina.

Na ce wa mutanen kwalejin su fara da gini ɗaya, ya ci damina guda a gani kafin a zuba kuɗi a sauran. Na canza batirin kafin in tafi, na rubuta musu kuɗin mai karanta kati da koren akwati. Baba ya raka ni har bakin get, na ce masa ya bar bulonsa da rana in ana ruwa, amma da daddare ya riƙa cirewa, ranar Laraba in Allah ya kai mu zan dawo da kayan.