Asabar, da bidiyon da Khalifa ya nuna min

Sanyin Winnipeg yau kamar zai tsaga ƙashi amma haka muka fita da sassafe kai Khalifa filin ƙanƙara wasan hoki. Wasan ya yi daɗi wlh, har ƙwallo ɗaya ya ci, ni da Maman Zara muna ta ihu da kofin shayi a hannu. Daga nan shago, sai gida.

A mota abin ya faru. Ya miƙo min waya yana murmushi, wai Umma kalli, koci ya ce in na girma irin jikin nan zan yi. Bidiyon Mark Scheifele ne, ɗan wasan hoki na ƙungiyar Winnipeg, na watan Yunin 2021, wasan farko da Montreal a nan garin, Jake Evans na Montreal ya zagayo bayan raga ya zura a ragar da babu gola, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, shi kuma Scheifele ya taho da gudu tun daga can ƙarshen fili ya bangaje shi, yaron ya kife a kan ƙanƙara ko motsi babu, a kan gadon marasa lafiya aka fitar da shi kuma ranar ce ranar haihuwarsa. Khalifa ya ce ai bangaza ce ta halal, kare raga yake yi. Shekararsa 11 fa.

Baban Khalifa bai taimaka ba ko kaɗan. Wai Maman Khalifa ki bar yaro, hoki ya gaji haka, mu ma da dambe muka tashi a Gusau. Na ce Baban Khalifa a dambe gaba da gaba ake yi, kana ganin hannun da zai sauka a kanka, kuma da mutum ya taɓa ƙasa an gama. Shi kuwa Evans kansa a sunkuye yake, an riga an ci ƙwallon ma. Ya ce ai an hukunta Scheifele, wasa 4 aka dakatar da shi. Wasa 4! Na tuna masa Marc Savard na Boston da Matt Cooke ya buge wa kai a 2010 ko hukunci ba a yi ba, sai daga baya NHL, babbar gasar hokin, ta kawo doka ta 48 a kan dukan kai, shi kuwa Savard bai ƙara komawa daidai ba. Ya yi shiru, ya ƙara muryar rediyo.

Ni ba wai bana son wasan ba ne, ina so sosai, kafaɗa da kafaɗa a jikin katanga ban taɓa cewa komai ba. Dukan kai ne matsalata. Kan ɗana. Tun 2013 Hockey Canada, hukumar hoki ta ƙasar, ta hana bangaza a rukunin 'yan shekara 11 da 12, shi yasa hankalina yake kwance yanzu, to amma saura shekara biyu kacal ya shiga rukunin da ake yinta, kuma ga abin da yake kallo yana murmushi.

Tuwo da miyar kuka. Zara ta kira, ban ɗauka ba.

Bayan isha'i na leƙa ɗakinsa yana barci, hular kwanon na nan gefen gado. Na ɗauka na juya ta, soson cikin siriri ne fiye da yadda na zata. Litinin zan je in ga kocin nan da kaina.