Tarihin baƙaƙen fatar Amurka a kan sarkin gidan waya

Da na fara tara kan sarkin Amurka, sai na zaɓi fanni ɗaya, wato baƙaƙen fatar ƙasar, kuma nakan jera su bisa shekarar da aka buga su, ba shekarar da abin ya faru ba. Dalilina shi ne, shekarar bugawa ce ke nuna lokacin da hukuma ta yarda a karrama mutum.

Amurka ta fitar da kan sarkinta na farko a 1847: Benjamin Franklin a na santi 5, George Washington a na santi 10. Sai da aka yi shekara 93 kafin fuskar baƙar fata ta hau, wato malamin nan Booker T. Washington a 1940, na santi 10. George Washington Carver, masanin kimiyyar noma, ya biyo a 1948. A 1963 aka buga na santi 5 mai hoton tsinkakkiyar sarƙa, don cika shekara 100 da shelar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya yi. Harriet Tubman, wadda ta riƙa fitar da bayi daga Kudu a ɓoye, ita ta buɗe jerin Black Heritage, na karrama fitattun baƙaƙen fata, a 1978, Martin Luther King ya bi ta a 1979. Malcolm X kuwa, da aka kashe a 1965, sai 1999 aka sa shi. Wannan jinkirin na shekara 34 shi ma tarihi ne, shi ya sa nake rubuta shekarun biyu a ƙarƙashin kowanne.

Cire kan sarki daga ambulan yana son haƙuri. Ina yanke takardar in bar kamar santimita ɗaya a kewaye, in jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa. Idan ka ja shi da ƙarfi, bayansa zai ɗaye ya yi siriri, darajarsa ta tafi. Sai a kifa shi a kan takarda mai tsotse ruwa, in ya sha iska a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Jan ambulan ko kore a jiƙa shi shi kaɗai, domin launinsa na zuba ya rine sauran. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan masu manne da kansu ba sa saki a ruwa ko kaɗan. Waɗannan ina barinsu a jikin takardarsu.

Matsefata mai faffaɗan baki nake ɗauka da ita, saboda gumin yatsa yana barin tabo. Salatif kuwa kada ya kusanci kan sarki, gam ɗinsa yana ratsa takarda. A ajiye kundin da aka jera kan sarkin a tsaye, nesa da danshi, musamman da damina, in ba haka ba sababbi masu gam za su manne da shafi.

Kada kuma a ɗauka duk hoton da hukuma ta buga daidai ne. A 1994 an shirya kan sarkin Bill Pickett, shahararren makiyayi baƙar fata, ashe hoton ɗan'uwansa Ben aka zana. Iyalinsa suka yi magana, aka janye aka sake zane, sannan aka sayar da falle 150,000 na kuskuren ta hanyar ƙuri'a. Duk wanda aka kawo wa na Pickett, ya duba lambarsa a kundin Scott, littafin da ke jera kan sarki da lambobinsu, ya gwada fuskar kafin ya biya.