Ƙararrawar kan Dutsen Adamu

Yau da misalin ƙarfe biyu na dare muka fara hawan Dutsen Adamu a ƙasar Siri Lanka, mai tsayin mita 2,243, matakala sama da 5,000. Ban kai rabi ba gwiwoyina suka fara rawa, na zube a rumfar mai shayi ina haki. Sai ga wata tsohuwa sa'ar kakata cikin fararen kaya, ƙafa ba takalmi, jikanta na riƙe da hannunta. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta wuce. Wallahi kunya ce ta tashe ni.

A ƙololuwa akwai ƙararrawa da kowa ke bugawa adadin hawan da ya taɓa yi. Na buga ɗaya. Da tsohuwar ta karɓa na fara ƙirga mata, ina sha huɗu rana ta ɓullo, inuwar dutsen mai kusurwa uku ta kwanta kan hazo, lissafi ya kuɓuce mini. Ita sawun ƙafar da ke ƙololuwar ta zo ziyarta, wanda mabiya addinin Buddha ke cewa na Buddha ne, Musulmi kuwa na cewa na Annabi Adamu ne, Allahu a'alamu. Har yanzu ƙafafuna na zugi, ina ta tunanin sau nawa ta buga.