Inci 28: yadda na nemi mashin daidai ƙafata

Ni tela ne, shagona yana cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Marusa. Tsawona ƙafa 5 da inci 2, in na kafa hula ta ɗan ƙara mini. Awon cikin ƙafata, wanda muke ɗauka in za a yanka wando, inci 28 ne cif. Na faɗi wannan tun farko don duk abin da zan ba da labari a kansa ya rataya.

Shekara da shekaru Boxer nake hawa, kamar kowa. Mashin ne mai haƙuri, ba ya shan mai, kuma ko a ƙauye ya tsaya maka za ka samu mai gyara. Amma ba don irina aka ƙera shi ba. Duk inda zan tsaya sai na zame gefe guda, na sauke ƙafar hagu na yi ɗage, ta dama tana lilo. Na saba har na daina lura. Sai wata ranar, saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, na ɗauko ɗinkin mutane zan kai guga, na zo shatale-talen Ƙofar Ƙaura wani mai Keke Napep ya sha gabana. Na taka birki, na sauke yatsun ƙafa a kan yashin da iska ta tara a bakin kwalta, yashin ya tafi da ni. Ban ji ciwon kirki ba. Shaddar wani Alhaji ce ta sha baƙin mai, kuma sai da na biya.

Tun daga nan idona ya koma kan irin mashinan nan masu kujera ƙasa-ƙasa da doguwar gaba, waɗanda ake ce wa kuruza. Yara a unguwa duk babban mashin sunansa ɗaya a wurinsu, amma wannan daban yake da masu gudun tsiya da mahayi ke kwanciya a kan tanki. A kuruza zama kake yi kamar a kujerar falo, ƙafafu a gaba. Sabo dai ba zancensa ake ba, aljihun tela bai kai can ba. Na hannu na shiga nema.

Na fara da abin da na iya, wato lamba. Na buɗe bayan littafin awon kwastomomi na rubuta tsayin kujerar kowanne daga ƙasa. Honda Rebel 250, inci 26.6. Yamaha Virago 250, wanda aka sake wa suna V Star 250 a 2008, inci 27. Suzuki Savage, mai silinda guda ɗaya ƙatuwa, inci 27.6. Honda Shadow Aero 750 ya fi su duka ƙasa, bai ma cika inci 26 ba. Na dubi inci 28 ɗina na ce ai an gama, Shadow zan saya. Abin kunya ne a ce tela ya yi wannan lissafi. Ni da kullum nake faɗa wa yaran shago cewa tsawon riga kaɗai ba ya sa ta zauna a jiki, sai an duba kafaɗa da wuya da hannu, ni ne na zauna na zaɓi mashin da awo guda.

Wani dillali ya turo mini hoton Shadow a WhatsApp, baƙi wuluk, ƙarfensa yana ƙyalli, yana Kano. Ya ce in tura rabin kuɗi a ɗoro mini shi a mota. Bakanikena, wanda nake kira Baba, dattijo ne da ya girmi babban yayana, ya karɓi wayar ya duba ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, cinikin biri a sama za ka yi? Asabar mu tafi tare, ka biya mini kuɗin mota."

Muka je. Da na hau, tafin ƙafafuna biyu suka zauna a ƙasa daram, karo na farko a rayuwata a kan mashin mai giya. Har na fara murmushi. Sai Baba ya ce in ɗaga shi daga jak. Nan murmushin ya ragu, don Shadow 750 da mai da ruwa a cikinsa ya kai kilo 250, buhun shinkafa biyar ke nan. Na dai tashe shi. Ya ce to, ɗora ƙafa inda ake ɗorawa. Matakan suna can gaba, kusa da gaban inji. Ƙafata ta kai, amma a miƙe sambal, gwiwa ba ta da sauran lanƙwasa, kuma don in danna birkin baya da ƙarfi sai na zamo gaban kujera. Sannan ya ce in karya kan mashin ɗin gaba ɗaya zuwa hagu, kamar zan juya a lungu. Hannun dama, wanda ke riƙe da totur da birkin gaba, ya tafi can nesa, sai da na kwanto har ƙirjina ya kusa taɓa tanki.

Dillalin ya ce, "Yallaɓai, ai sabo ne, kwana biyu za ka saba."

Baba ya ce, "Ƙafa ce za ta ƙara tsawo a kwana biyun?"

Ban sauka nan take ba, na ɗan jima a zaune ina shafa tankin. Allah ya sani na so mashin nan. Injinsa mai sanyaya kansa da ruwa ne, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe take juya tayar baya, wanda a ƙurarmu ta hunturu ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ga dogon mutum mai ƙarfi, ban ga abin kushewa ba. Amma na tuna lungunmu, inda sai na tura mashin da baya na hau da shi dakalin zaure kowane dare, na sauka na ba shi makullinsa.

A motar dawowa na zauna na warware abin a kaina da harshen sana'ata. Awo huɗu ne. Na farko tsayin kujera, shi kowa ke faɗa. Na biyu faɗinta, don kujera mai faɗi tana buɗe cinyoyi, kuma duk incin da ya tafi gefe an rage shi daga wanda zai sauka ƙasa. Shi ya sa siririyar kujera mai inci 28 za ta iya fin mai inci 26 mai faɗi sauƙin taka ƙasa. Na uku daga mazauni zuwa mataki, kuma a nan kuruza ke yaudarar gajere: an saukar maka da kujera, an kuma tura birki da giya gaba. Na huɗu daga kafaɗa zuwa hannun mashin, ba a miƙe kawai ba, har in an karya kai. Kawasaki ma sun san da wannan, don Vulcan S da suka fitar a 2015 an yi matakansa yadda za a iya matsar da su gaba ko baya da inci guda, a kuma canza kujera da hannu gwargwadon mai hawa. Ban samu na hannu da zan iya taɓawa ba, na ambace shi ne don a san ba rakin gajeru ba ne.

Bayan nan na ga wasu guda biyu da ba su cancanci dogon bayani ba. Ɗaya Rebel 250 ne, ya yi mini daidai kamar an auna ni, amma da muka haska tocilan cikin tanki tsatsa ce jajir, kuma da aka tayar da shi salansa ta yi ta fitar da shuɗin hayaƙi. Ɗayan kuwa mai shi ya ce takardun suna wajen ƙaninsa, ƙanin ya yi tafiya. A jihar nan ba a wasa da wannan. Wanda ya san abin da ya sa a watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci, cikin matakan da ta ɗauka kan 'yan bindiga, ba zai karɓi mashin da ba a san asalinsa ba ko da kyauta ne. Muka yi masa sallama.

Wanda na saya a nan cikin gari ya fito, bayan wata uku. Virago 250 ne, jan tanki, fentin ya ƙoƙe ta gefen da rana ke duka. Mai shi ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya ce gwiwa ta hana shi hawa. Baba ya ce kada mu sanar da lokacin zuwa, kuma mu je da sassafe. Muna isa, kafin a gama gaisawa, ya kai bayan hannunsa ya taɓa inji. Sanyi ƙalau. Daga baya ya ce mini mai son ɓoye ciwon inji ɗumama shi yake yi kafin mai saye ya iso. Dannawa biyu ya tashi. Wannan yana da muhimmanci, don Virago ba shi da kik, in batir ya mutu sai turi.

Baba ya bi shi gaɓa-gaɓa, ni kuma ina biye ina koyo. Ya shafa ƙarafunan shokazoban gaba ya duba yatsa ko akwai mai. Ya ja sarƙa ta bayan sifaket ya ga ko tana ɗagowa, ya duba haƙoran ko sun yi tsini. Ya duba ƙarshen hannun birki da gefen salansa, wai a nan faɗuwa ke barin shaida. Agogon tafiyar mil yake ƙirgawa, alamar daga Amurka ya fito, don haka duk lambar da ka gani sai ka ninka da 1.6 kafin ka san kilomita. Muka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardun kwastan da rasit, harafi bayan harafi. Ni na lura da taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ta baya zanenta bai cinye ba, amma ta haura shekara takwas, ga ƙananan tsaga a jikinta. Da wannan na samu ragi.

Sannan na ciro tef daga wuya, mai mashin ɗin yana dariya. Ya ce, "Ɗana, riga za ka ɗinka masa?" Na ce, "Baba, shi za a ɗinka mini." Kujera inci 27, siririya ta gaba, duga-dugaina biyu a ƙasa. Matakansa ma a gaba suke, amma da yake ƙaramin jiki gare shi, gwiwata ta samu lanƙwasa, na danna birki ban motsa daga mazauni ba. Na karya kai hagu da dama. Nauyinsa bai kai kilo 150 ba, na tura shi baya da ƙafa ina zaune. Na zagaya unguwar sau biyu, na yi juyi a ƙaramin lungu da gangan, na dawo muka yi ciniki. Aka rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu.

Gyaran da na yi masa don jikina kaɗan ne. Baba ya sassauta kan ya ɗan karkato da shi baya, ya matso da hannun kuloci inda yatsuna ke kaiwa. Kujerar ni na kwance ta da kaina a shago, na fere soson gefe da gefe wajen cinya, ban taɓa tsakiya ba, na mayar da fatar. Wani ya ba ni shawara in sa gajerun shokazoba a baya don ya ƙara sauka. Na ƙi. A yadda yake ma, in na zo tudun rage gudu da goyo a baya sai na bi a karkace, in ba haka ba cikinsa ya gogi siminti. Silifas kuma na daina hawa da su, na sayi takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, ya ƙara mini rabin inci kyauta.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da ya same ni. Salansa biyu gare shi, duka a dama, kuma zama ƙasa-ƙasa yana sa bakin doguwar riga ya sauka daidai kansu. Kaftani guda na ƙone kafin na koyi tattare shi a cinya. Uwargida kuwa hawa ɗaya ta yi ta ce kujerar bayan ta yara ce, ita a bar ta da Keke Napep. Mai ma ya fi Boxer sha, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san lita ba abin wasa ba ce. Kayan gyara ba a kowane shago ake samu ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali, kamfanin Lifan na Sin ya yi inji mai silinda biyu a kan tsarin wannan, kuma Baba ya ce kayan ciki da yawa suna shiga juna.

Juma'ar da ta wuce na yi tafiyata ta farko mai nisa, Daura, kilomita tamanin da 'yan kai, gaisuwar surukai. Na tsaya a Mashi shan ruwa, na sauke ƙafa biyu a cikin yashi, mashin bai ko girgiza ba. Wani yaro mai sayar da rake ya zagaya shi ya ce, "Kawu, wannan naka ne ko na ubangidanka?" Na ce ya kawo rake na ɗari biyu.

Tayar bayan ce har yanzu ban canza ba. Inci 15 ce, ta Boxer kuwa 17, duk masu tayar da na sani a Katsina sun girgiza kai. An ce wani a Sabon Garin Kano zai sa a ɗoro masa daga Nnewi, na ba da kafin alƙalami, yau kwana goma sha ɗaya. Kafin ta iso ba na gudu da shi, kuma kowace safiya sai na tsuguna na duba tsagar nan ko ta ƙaru.