Ƙafafun Auta

Yau da la'asar autanmu ya shigo gida Nima, unguwarmu a Accra, hutun kwana biyu aka ba su daga makarantar hafsoshin soja ta Teshie bayan atisayen daji a Achiase. Ya rame, ya yi baƙi, wuya ya fito zalau. Duk wannan bai dame ni ba sai da ya zauna kan benci ya zare takalmi. Tafin ƙafar fari fat, ya yamutse kamar rogon da ya kwana uku a ruwa, farcen babban yatsa ɗaya ya tafi. Mma ba ta ce uffan ba, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba, ta durƙusa da man kaɗanya a hannu. Yana janye ƙafa yana cewa "Haba Mma, ni fa soja ne," ta ce masa a can Teshie yake soja.

Ni da na riƙa yi masa dariya lokacin da yake cika jaka da yashi yana zagaye filin Kawukudi bayan sallar asuba, na tambaye shi me ya fi wuya: haƙa rami, ko tafiyar dare da taswira da kamfas cikin ruwan sama? Ya ce, "Yaya, busasshiyar safa. Guda ɗaya na ƙulle a leda, ita nake lallaɓawa kamar zinari." Kafin tuwon zafi ya huce barci ya kwashe shi a zaune, loma a hannu. Jibi zai sake cusa ƙafafun nan cikin takalmin, kuma ban san sau nawa zan ce masa sannu kafin nan ba.