Bayanan gwaji su yi kama da mutanen ƙauye

Wanda ke rubuta manhajar ƙungiyar manoma a Ringim ko Gaya, mai riƙe lissafin bashin taki da buhunan shinkafa, dole ya gwada kowane ɓangarenta shi kaɗai kafin ta isa hannun sakatare. Yawanci da hannu ake shigar da manoma uku masu sauƙin suna, gwaji ya wuce lafiya, sai ranar rabon taki manhaja ta tsaya cak.

Gara a rubuta ɗan aiki guda a Python, yaren rubuta manhaja, ya zama kamar injin da duk lokacin da aka kira shi zai ƙera manomin bogi cikakke: suna, lambar waya, ƙaramar hukuma daga 27 na Jigawa ko 44 na Kano, da bashin da ake bin sa. A bar ƙofar sauya abu ɗaya kawai, ta yadda gwajin bashi zai ce bashi sifili ne, sauran injin ya cike.

Wajen suna ne aikin yake. Faker, kayan aikin Python mai ƙera bayanan bogi, na da kyau, amma idan ba ka saita shi ba sunayen Turawa zai zubo maka, waɗanda ba za su tona komai ba. Rubuta jerinka. Sa Ɗanladi da Ɓaidu saboda haruffa masu lanƙwasa, domin ma'ajiyar bayanan da ba a ɗora kan UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffan kowane harshe, alamar tambaya take mayar da su. Sa Mu'azu da Sa'adatu, don wannan ɗan waƙafin sama yana karya umarnin SQL, yaren magana da ma'ajiyar bayanai, idan da hannu aka harhaɗa shi. Sannan ka tilasta wa injin ya fitar da Musa Ibrahim biyu a ƙauye ɗaya, su kuma yi tarayya a lambar waya, tunda gida guda kan yi amfani da waya ɗaya. Manhajar da ta ɗauki lambar waya a matsayin shaidar mutum, a nan asirinta zai tonu.

Lambar wayar kanta ta zo iri biyu: mai alƙaluma 11 da ke farawa da 0, da mai +234. Aka adana ta a matsayin adadi, sifilin farko ya tafi ke nan. Kuɗi kuwa a riƙe su da kobo, cikakken adadi, don a lissafin kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 daidai.

Kada a bar injin yana canki-canka ba linzami. Kafa masa random.seed, wato lambar da yake fara canki da ita, da lamba sananniya, kuma a buga ta idan gwaji ya faɗi, in ba haka ba kuskuren da ya bayyana yau ba zai sake maimaituwa gobe ba. Mai son ya wuce nan ya ɗauko Hypothesis, kayan gwaji na Python: shi ke ƙera bayanan, idan ya ci karo da kuskure kuma sai ya yi ta rage misalin har ya miƙo mafi ƙanƙantar da ke karya manhajar.